WASAN GEM A CIKIN AJI: Abin Da Ya Faru A Makarantun Sikotland

Da wuya a sami unguwa a manyan garuruwan ƙasar nan wadda ba ta da ɗan shagon nan da yara ke kira gidan gem. Ɗaki ne ƙarami, da benci biyu ko uku, da akwatunan talabijin a jikin bango, da janareta yana ruri a bakin ƙofa. Yaro ya biya 'yan kuɗinsa, a miƙa masa abin sarrafawa mai maɓallai, ya zauna yana buga ƙwallo a jikin gilashi har ya manta da aiken da uwarsa ta yi masa. Iyaye da malamai sun daɗe da yanke wa wannan wuri hukunci, watau matattarar 'yan gudun makaranta ce, kuma babu mai iya cewa ba su da hujja. Saboda haka idan aka gaya wa magidanci cewa akwai ƙasar da hukumar ilmi ta gwamnati da kanta ta ɗauki dangin waɗannan na'urori ta kai makarantun firamare, ta ce wa malamai su raba wa yara da sassafe kafin a buɗe littafi, ba mamaki ya ce zancen kanzon kurege ne.

Amma kuwa an yi haka. An yi shi a ƙasar Sikotland da ke arewacin tsibirin Birtaniya, daga shekarar 2007 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya. Ba a kuma tsaya ga rabon na'urori kawai ba, sai da aka auna sakamakon, aka buga shi a mujallun masana, aka yi ta muhawara a kansa. Wannan muhawara ta cancanci a natsu a dube ta, domin tambayar da ke cikinta ta shafi duk wata gwamnati mai niyyar zuba dukiyar jama'a wajen sayen na'urori don 'yan makaranta, ta kuma shafi duk uban da ɗansa ya dame shi da roƙon a saya masa abin wasa da sunan karatu.

NA'URA MAI KAMA DA LITTAFI

Na'urar da ake magana a kanta sunanta Nintendo DS. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Japan ne ya ƙera ta, kamfanin da aka kafa tun 1889 yana buga karta, kafin zamani ya juya da shi zuwa wasannin lantarki. An fito da ita kasuwa a ƙarshen 2004, kuma kafin a daina ƙera ta an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya. Kaɗan ta fi tafin hannun babban mutum. Tana buɗewa gida biyu, kowane gida da allon gilashinsa, ɗaya na kallo, ɗayan kuwa ana rubutu a kansa da wani ɗan tsinken roba mai kama da alƙalami. Da batir take aiki, ba ta bukatar talabijin.

A 2005 kamfanin ya fitar da wani wasa da sunan Farfesa Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku, masanin aikin ƙwaƙwalwa, wanda ya riga ya yi suna a Japan da koyarwarsa cewa yin ƙananan lissafi da sauri, da karatu da babbar murya kowace rana, suna motsa ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Wasan ya isa Turai a 2006 da sunan Dr Kawashima's Brain Training. Manya aka nufa da shi, musamman masu tsoron mantuwar tsufa, kuma sun saya ƙwarai, har aka sayar da wajen miliyan 19.

Yadda ake yinsa shi ne, mai wasa ya riƙe na'urar a tsaye kamar buɗaɗɗen littafi. Tambayoyin tarawa da ɗebewa da ninkawa suna bayyana a shafi ɗaya, shi kuma yana rubuta amsa da hannunsa a ɗaya shafin. Na'urar ta karanta rubutun, nan take ta nuna ko ya ci ko ya faɗi, ta kawo tambaya ta gaba. Akwai zagaye mai tambaya 20, akwai mai 100, agogo kuwa yana tafiya tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma wata jarrabawa da na'urar ke yi wa mutum ta gaya masa shekarun ƙwaƙwalwarsa, inda mafi kyawun sakamako shi ne shekara 20. Ke nan yaro ɗan shekara 10 yana iya jin cewa ƙwaƙwalwarsa ta dattijo ɗan 70 ce, ya duƙufa yana neman rage mata shekaru. Wannan awo ba shi da wani tushe mai ƙarfi a ilmi, amma ba ƙaramin zaburar da mutane ya yi ba.

GWAJIN FARKO DA NA BIYU

A lokacin akwai wata hukumar gwamnatin Sikotland mai kula da manhaja da dabarun koyarwa, ana kiranta Learning and Teaching Scotland. A 2006 ta buɗe wata 'yar cibiya a birnin Dundee mai suna Consolarium, ta ɗora Derek Robertson a kanta, mutumin da ya taɓa koyarwa a firamare, ya kuma horar da malamai. Aikin cibiyar shi ne ta tara na'urorin wasa iri iri, ta kira malamai su zo su taɓa su da hannunsu, sa'an nan ta ba makarantu aro su gwada.

Robertson ya haɗa kai da David Miller na Jami'ar Dundee suka shirya gwaji na farko a 2007. Yara 71 ne daga azuzuwa uku a makarantu uku. Aji na farko, mai yara 21, an ba su na'urar suna yin wasan Kawashima na minti 20 kowace rana har mako 10. Aji na biyu, mai yara 31, suna yin wani irin motsa jiki da ake kira Brain Gym, wanda a lokacin ake yayinsa a makarantun Birtaniya da da'awar yana buɗe kai. Aji na uku, mai yara 19, ba a canza musu kome ba. An yi wa kowa jarrabawar lissafin ka mai tambaya 100 kafin a fara da bayan an gama. Masu na'ura sun ci gaba a fili, a wajen yawan amsar daidai da kuma wajen sauri, alhali sakamakon sauran azuzuwan biyu bai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba.

Jaridu suka ɗauka. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san aji ɗaya ba ya zama hujja. Malamin wannan aji yana iya kasancewa gwani, yaran suna iya kasancewa masu kai tun asali, makarantar tana iya fin sauran kwanciyar hankali. Masu binciken ma sun san haka, shi ya sa a 2008 suka koma da babban shiri.

A wannan karo yara 634 ne 'yan shekara 10 zuwa 11, daga makarantu 32 a sassan Sikotland, kuma da gangan aka zaɓi makarantun unguwannin marasa galihu, ta hanyar duba yawan yaran da suka cancanci abincin rana kyauta. Da ƙuri'a aka raba makarantun gida biyu, don kada son rai ya shiga. Rabi suka sami na'ura, minti 20 kowace safiya har mako 9, rabi suka ci gaba da karatunsu yadda suka saba. Da aka sake jarrabawa sai aka ga kowane ɓangare ya ci gaba, kamar yadda ya kamata ga yaran da suka yi wata biyu suna zuwa makaranta. Amma ci gaban masu na'ura a wajen amsar daidai ya fi na sauran da kashi 50 cikin 100, a wajen sauri kuwa ya ninka nasu. Lokacin da masu na'ura ke ɗauka su gama takardar ya sauko daga wajen minti 18 da rabi zuwa 13 da rabi. Ba a ga bambanci tsakanin maza da mata ba, kuma yaran da suka fi rauni a lissafi su ne suka fi ƙaruwa a wajen amsar daidai. An ba da rahoton cewa a waɗansu azuzuwa makara da fashi sun ragu.

A nan akwai bukatar mai karatu ya yi hattara, domin wannan kashi 50 ya ruɗi mutane da yawa. Ba ana nufin makin yaro ya ƙaru da rabi ba ne. Ana kwatanta ƙarin da wani ɓangare ya samu ne da ƙarin ɗayan. Alal misali, in ajin da ba shi da na'ura ya ƙaru da maki 4, mai na'ura ya ƙaru da 6, to an sami wannan kashi 50 ɗin, ko da yake bambancin maki 2 ne kacal cikin 100. Riba ce ta gaskiya, amma ba irin wadda manyan kanun labarai suka sa mutane suka zata ba. Haka kuma wani abin da gwajin farko ya nuna, cewa yara masu na'ura sun ƙara ganin ƙimar kansu, bai sake bayyana ba a babban gwajin. Abin da aka gani kawai shi ne ɗan ƙarin son makaranta. Masu binciken sun faɗi wannan a fili a takardar da suka buga a 2011, abin da ya cancanci yabo.

MASU JA DA MAGANAR

Ba a daɗe ba aka sami masu cewa a dakata. Daga cikin gida, Robert Logie da Sergio Della Sala na Jami'ar Edinburgh sun rubuta a 2010, a mujallar da ta buga gwajin farko, cewa hujjar da aka kawo ba ta kai a gina siyasar ilmi a kanta ba.

Daga Faransa kuwa, Farfesa Alain Lieury na Jami'ar Rennes da abokan aikinsa sun yi nasu gwajin da yara 67 'yan shekara 10, wanda labarinsa ya bazu a farkon 2009. Sun raba su gida huɗu har mako 7: biyu suna wasa da na'urar, ɗaya yana warware wasannin wasa ƙwaƙwalwa da fensir da takarda, ɗaya kuma karatunsa kawai yake yi. A lissafi masu na'ura sun ƙaru da kashi 19 cikin 100. Masu fensir da takarda su ma kashi 19. Waɗanda ba a yi musu kome ba kashi 18. A wajen hadda kuwa masu fensir sun yi wa masu na'ura nisa. Yaran Lieury ba su da yawa, kuma irin sukar da aka yi wa gwajin Dundee na farko tana hawa kansa shi ma. Amma ya sa rukunin da babban gwajin Sikotland bai sa ba, watau yaran da aka ba su ƙarin aiki ba tare da na'ura ba.

A nan gizo ke saƙar. Minti 20 a rana, kwana 5 a mako, har mako 9, ya kama minti 900, watau awa 15 cur na maimaita lissafin ka. Duk yaron da aka zaunar da shi awa 15 yana tarawa da ninkawa dole ya ƙara sauri, ko da gawayi yake rubutu a jikin bango. Gwajin Sikotland ya nuna cewa awa 15 da na'ura sun fi zaman aji na yau da kullum amfani ga lissafin ka, amma bai nuna sun fi awa 15 na malami mai himma da allo da alli ba, domin ba a yi wannan kwatanci ba.

Ita kuma babbar da'awar nan cewa wasan yana buɗe ƙwaƙwalwa baki ɗaya, ta gamu da cikas a 2010, sa'ad da Adrian Owen da abokansa, tare da haɗin gwiwar gidan talabijin na BBC, suka gwada manya 11,430 har mako 6 da wasanni irin waɗannan, suka buga sakamakon a mujallar Nature. Mutanen sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa waɗansu ayyukan tunani ba. Wannan bai rushe sakamakon Dundee ba, tun da can lissafi aka maimaita kuma lissafi aka auna. Ya dai taƙaita shi zuwa iyakarsa.

DARASIN ƘASAR CHILE

Abin mamaki, tun kafin Dundee an riga an yi wani gwaji da ya fi kowanne tona asirin al'amarin, ko da yake bai sami irin wancan kururuwa ba. A ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, Ricardo Rosas da Miguel Nussbaum da abokan aikinsu na Jami'ar Katolika da ke Santiago sun ɗauki tsarin Game Boy, yayar DS wadda ta fito tun 1989, suka shirya mata wasanni na musamman bisa manhajar aji ɗaya da aji biyu na firamare, na karatu da rubutu da lissafi. Yara 1,274 na makarantun talakawa suka shiga, masu na'ura sun yi wajen awa 30 da ita cikin wata 3, aka buga sakamakon a 2003.

Dabarar da suka yi ita ce sun raba yaran gida uku. Akwai azuzuwan da aka ba na'ura. Akwai azuzuwan da ke cikin makarantun nan guda amma ba a ba su ba. Akwai kuma azuzuwan waɗansu makarantu dabam da ba a kai musu kome ba. Da aka auna, masu na'ura sun fi yaran makarantun waje. To amma maƙwabtansu na cikin gida, waɗanda ko taɓa na'urar ba su yi ba a darasi, su ma sun fi yaran waje, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu da masu na'urar.

Ta yaya yaron da ba a ba shi magani ba zai warke tare da wanda aka ba? Masu binciken sun danganta abin ga wani hali na ɗan Adam da masana suka sa wa sunan Hawthorne, wata masana'anta kusa da birnin Chicago inda aka yi bincike kan ma'aikata a shekarun 1920 da 1930: mutum in ya san ana kallonsa sai ya ƙara himma. Malamin ajin da ba a ba na'ura ba yana ganin baƙi daga jami'a suna shiga suna fita, ya san za a jarraba yaransa a kwatanta da na maƙwabcinsa, ba kuma zai yarda a ce akwati ya fi shi iya koyarwa ba. Sai ya zage damtse. Hedimasta ma ya riƙa zagayawa. Makarantar duka ta farka. Duk wanda ya yi firamare a zamanin da sufeto ke zuwa ba zato ba tsammani ya san yadda makaranta ke canza kama a makon da aka ji ƙishin-ƙishin zuwansa.

Wannan sakamako yana da kaifi biyu. Ga mai tallar na'ura abin kunya ne, domin ya nuna wani kaso na ribar da ake jingina wa na'urar daga idon baƙo ya fito. Ga mai ƙin na'ura ma ba daɗi, domin yaran da suka ba da awa 30 na lokacin darasinsu ga wasa ba su koma baya ba ko kaɗan, malamansu kuma sun shaida cewa sun fi natsuwa da son zuwa aji.

ABIN DA AKWATI YA IYA

Adalci ya wajabta a faɗi abin da na'urar ke yi wanda malami ɗaya a gaban yara 30 ba zai iya ba, balle a gaban 100. Tana duba amsa a cikin ƙiftawar ido. Yaron da ya rubuta 7 sau 8 daidai yake da 54 zai ga kuskurensa kafin ya ɗaga alƙalami, ba sai gobe ko jibi ba sa'ad da aka dawo masa da littafi da jan biro, bayan kuskuren ya riga ya zauna a kansa. Ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta da bulala. Mafi muhimmanci, faɗuwa a gabanta sirri ce. Yaron da ya saba sunkuyar da kai in malami na neman wanda zai fito allo, don gudun dariyar 'yan'uwansa, yana iya faɗuwa sau goma a nan babu wanda ya sani, ya sake gwadawa, abokin gasarsa kuwa shi ne lokacin da ya yi jiya. Mai yiwuwa wannan ne ya sa masu rauni suka fi ƙaruwa, ko da yake akwai wani dalili mai sauƙi: yaron da ya ci 95 tun farko ba shi da sauran wurin hawa da yawa.

Abin da ba ta iya ba shi ma a fili yake. Ba ta bayyana wa yaro dalilin da ya sa 7 sau 8 ya zama 56. Ba ta gane cewa kuskurensa na ɗebewa daga rashin fahimtar aro ya samo asali. Tana ƙara wa mai sani sauri ne a kan abin da wani ya riga ya koya masa.

Wataƙila shi ya sa ayyukan Consolarium da malamai suka fi tunawa da su ba na lissafin Kawashima ba ne. A makarantar firamare ta Elrick da ke yankin Aberdeenshire, malaman aji biyu sun ɗauki wasan Nintendogs, inda ake kiwon ɗan kwikwiyo a cikin na'ura, a ciyar da shi, a yi masa wanka, a koya masa biyayya. Kare a can ɗan gida ne, kusan kowane yaro yana da shi ko yana marmarinsa. A kan wannan malaman suka gina darussa na makonni: yara 'yan shekara 6 suna rubuta labarin karensu na kowace rana, suna ƙirga kuɗin abincinsa, suna zane, suna koyon haƙƙin dabba a kan mai ita. A garin Musselburgh kuwa an yi amfani da Guitar Hero, wasan kaɗa garayar roba a kan na'urar da ake haɗawa da talabijin, don sauƙaƙa wa 'yan ajin ƙarshe na firamare tsallakawa zuwa sakandare. Yara suka kafa ƙungiyoyin makaɗa na ƙarya, suka rubuta tarihinsu, suka duba taswira suka tsara rangadin ƙasashe, suka yi lissafin kuɗin tafiya, daga baya aka tara 'yan makarantu dabam dabam a sakandaren da za su shiga suka san juna. A duk waɗannan, lokacin da ake yi da na'urar kaɗan ne. Sauran duka aikin malami ne da ya zauna da dare ya tsara. Irin wannan riba kuwa tana da wuyar aunawa da jarrabawa mai tambaya 100, saboda haka shaidar da ke akwai a kanta galibi bakin malamai da yara ce.

KUƊI, WUTA DA TSUFAN KAYA

Sai maganar aljihu. Sa'ad da samfurin DS Lite ya fito a Birtaniya a 2006 farashinsa wajen fam 100 ne, wasan kuma wajen fam 20. Ajin yara 30 ya tashi a kan fam 3,600 ke nan in kowa zai riƙe tasa, ban da ma'aji mai makulli, da wuraren caji, da tsinkayen rubutu da ke ɓacewa kamar allura. Makarantun Sikotland suna da wuta dare da rana, da azuzuwa masu rufi da ƙofa, da malamai masu horo, ga cibiya mai ba da aro. Duk wanda zai kwaikwayi gwajin ba tare da waɗannan ba, wani abu dabam yake gwadawa. Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana irin wannan a 2007, shekarar da aka fara gwajin Dundee, sa'ad da shirin One Laptop per Child ya raba ƙananan kwamfutoci wajen 300 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Yara sun yi ɗoki, sun kuma koyi sarrafa su da sauri, amma sai da aka nemo janareta saboda caji, gyaran waɗanda suka lalace ya zama aiki, kuma babban sayen da aka yi ta zancensa bai tabbata ba.

Akwai kuma abin da iyaye ke tsoro, wanda ba a kyauta ba in an yi watsi da shi. Kamfani ba banza yake murna ba in ya ga hajarsa a hannun 'yan makaranta, domin yaron da ya saba da ita a aji zai nemi a saya masa a gida, a gida kuwa ba lissafi zai sa a ciki ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasan gem a jerin cututtuka, ga wanda wasan ya rinjaye shi har ya ɓata masa karatu ko aiki ko zaman iyali, kuma jerin ya fara aiki a 2022. Ƙasar Sin ta kai ga taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako a 2021. Minti 20 a gaban malami, da wasan da shi ya zaɓa, da na'urar da ake karɓewa a kulle in an gama, ba ɗaya suke da wuni a gidan gem ba, amma mai ɗaukar matakin yana da alhakin bayyana wa iyaye bambancin.

Kayan lantarki kuma ba sa jimawa kamar allo. A 2011 aka haɗe hukumar Learning and Teaching Scotland da ofishin sufetocin makarantu aka kafa Education Scotland. A daidai wannan lokaci kwamfutar hannu mai allon shafawa ta fara mamaye makarantun Turai, hankalin hukumomi ya koma can, na'urorin DS suka fara tsufa a cikin kabad. Magajiyarta, 3DS, ita ma an daina ƙera ta a 2020.

Kamfanin bai fid da rai da aji ba. A 2018 ya haɗa kai da wata ƙungiya ta birnin New York mai suna Institute of Play don kai sabuwar na'urarsa Switch makarantun firamare wajen 100 a Amurka, tare da kayan Nintendo Labo, waɗanda kwalaye ne da yara ke naɗewa su ƙera abubuwa kamar sandar kamun kifi da ƙaramin fiyano, su saka na'urar a ciki su yi aiki. Yara wajen 2,000 'yan shekara 8 zuwa 11 aka nufa. Ƙungiyar ta rufe ƙofarta a 2019. A ƙarshen wannan shekara kuma wasan Farfesa Kawashima ya sake fitowa a Japan a kan Switch, ya isa Turai a farkon 2020, da tambayoyinsa na tarawa da ɗebewa da ninkawa, da agogonsa, da ɗan tsinken rubutunsa.